Saƙon Iya ga Mutanen Azmir

Tun da gwiwoyina suka ƙi ni, 'yata ta hana ni zirga-zirgar fatauci ta zaunar da ni a gidanta na unguwar Karama a Dubai, sai na koma mai yawan sauraro. Abin da na fi ji kuwa a gidan nan shi ne injin wanki. Yana can a lungun kicin, a ɗura masa kaya a danna, ya yi ta gurnani shi kaɗai, can ya yi ƙara ya yi shiru. Ba mai waƙa a gefensa, ba mai faɗa, ba mai cigiyar wanda ya ɗauke sabulu. Mu a gidanmu na Fagge da muryar wanki muke tashi. Kafin rana ta taɓa katanga za ka ji guga na dukan bakin rijiya, ka ji ruwa na zuba a bahon ƙarfe, sannan ka ji Iya ta fara maka zane a kan dutse, tim, tim, har cikin haƙarƙarinka. Iya kakata ce ta wajen uwa, kuma ita ce mai wankin unguwa. Manyan rigunan alhazai da zannuwan gadon matan Kwarori duk a hannunta suke yin fari. Mu 'yan matan gidan namu jan ruwa ne, da jiƙa bula, da hura gawayi a dutsen guga har idanu su yi ja. In ka kawo mata riga ka ce ka gama, ba ta duban gaba ko baya, wuya take juyawa. Ta ce, "Ke, wannan wanki ne ko gaisuwa kika yi da ruwa?" Sai ta jefa maka abinka cikin baho ka sake daga fari.

Ba mace ce mai dariya ba. Hausarta tana da wata 'yar karkata da ba ta Kano ba, ba ta Sakkwato ba, kuma da hantsi sai ta dafa baƙar gahawa a wani ɗan mitsitsin kofi ta shanye ita kaɗai, ba ta tayi. Mutanen unguwa sun san ta daɗe a Makka, suka ɗauka iyakar labarin ke nan. A wancan zamani ba a titsiye babba da tambaya. Abin da ya ga dama ya ba ka shi ne rabonka, sauran ya tafi da shi kabari. Yanzu kuwa jikokina har shekaruna suke tambaya, ni kuma in na buɗe baki zan ba su labari idonsu na kan talabijin. Wasannin Turkawan nan da aka juya zuwa Larabci su ne cinsu su ne shansu. Su zauna suna ajiyar zuciya a kan wani mai gashin baki yana kuka a bakin teku, ƙaramar har cewa take in ta girma can za ta yi aure. Uwarsu ma yanzu rabin sarinta kayan Turkiyya ne. Ni na yi fatauci daga Jidda zuwa Alƙahira zuwa nan Dubai, tun kasuwar Naif tana 'yan rumfuna, ban taɓa sa hannuna a kan ko hankici na ƙasar Turkiyya ba. Suna cewa rigimar tsufa ce. Na bar su a haka, don wanda ba ya saurare ba a ɓata masa yawu.

Abin ya samo asali ne daga wata tsaraba. Na fara zama budurwa ke nan, wani alhaji da Iya ke wa wanki ya dawo daga Makka ya aiko mana da dabino da zamzam da wani busasshen ɓaure da aka shirya a igiya kamar carbi. Ban taɓa ganin irinsa ba, ba kamar namu na daji mai tsutsa ba. Na ciro ɗaya na jefa a baki, zaƙinsa bai gama isa maƙogwarona ba na ji jiƙaƙƙen hannu a kumatuna. Ɓauren ya faɗi cikin ruwan kumfa. Iya ba ta taɓa dukana ba sai ranar. Na tsaya ina kallonta, ita kuma tana kallon igiyar ɓauren kamar ta ga maciji. Sai ta kife baho ta zauna a kai, rana tsaka, ga wanki jiƙe yana jira, abin da ba a taɓa gani ba a gidanmu. Ta ce in zauna.

Ta ce an kama ta ne tana ƙarama a wani ƙauye da ba ta riƙe sunansa ba, sai dai wani rimi da ke bakin kasuwa. Aka keta hamada da ita zuwa Tarabulus, aka sa ta a jirgin ruwa, aka sauke ta a wani gari na Turkawa a bakin teku, ita Azmir take ce masa. A gidan wani attajiri mai fataucin ɓaure da zabibi ta girma. Da ta kira sunansa sai ta juya ta tofar da yawu. Daga baya ya 'yanta ta, amma ta ci gaba da yi musu wanki, don a cewarta takardar 'yanci ba a dafa ta a ci. Ta auri wani baƙin mutum irinta mai dako a bakin ruwa, shi ma da guntuwar Hausarsa da ya zo da ita, suka zauna a kan tudu inda baƙaƙen garin suke. Ana nan sai yaƙi ya zo. Sojan Girka suka sauko daga jiragen ruwa suka kama garin. Attajirin ya tattara abin da zai iya ɗauka ya gudu cikin ƙasa, ya bar tsohuwarsa makauniya da 'ya'yansa mata biyu, ya ce wa Iya amana ce ya bar mata. Shekara uku suna riƙe da amanar nan. Abinci ya yi wuya, sai mijinta ya shiga yi wa sojan dako, ita kuma tana wanke musu kaki. Da abin da suke samowa aka ciyar da makauniyar da 'yan matan, har babbar ta isa aure ba wanda ya taɓa ko mayafinta.

"Ranar da sojan Turkawa suka dawo na yi guɗa," in ji Iya. "Da bakin nan nawa na yi ta, da uwarki goye a bayana. Dawakansu duk sun rame, mahayan sun yi buɗu-buɗu, ga jar tuta a gaba. Na ce Musulmi sun karɓi garinsu, wahala ta ƙare. Har ruwa na ɗebo na ba wani ya sha a kan dokinsa."

Bayan 'yan kwanaki wuta ta kama unguwannin bakin teku. Ta ce daga tudunsu suna hango mutane cunkushe a gaɓa, wuta a bayansu ruwa a gabansu, kuma kukan da ta ji a kwanakin nan bai taɓa fita daga kunnenta ba. A cikin wannan hayaƙi attajirin ya dawo. Gari ya ɗauki zafi, ana ta farautar waɗanda suka ci da abokan gaba, kuma an fara ƙus-ƙus a kansa: yaya aka yi gidansa bai ji yunwa ba, yaya aka yi ba a taɓa ɗakin ajiyarsa ba. Mutanen unguwa suka taru a ƙofarsa. A daidai lokacin mijin Iya yana sauke masa akwatinsa daga keken doki, akwatin na kan gadon bayansa. Sai mutumin nan ya ɗaga yatsa ya nuna shi, ya ce ga wanda ya yi wa kafirai dako nan. Ko barinsa ya ajiye akwatin da kyau ba su yi ba. Suka ja shi suka yi gangare da shi, ba a sake ganinsa ba, ba gawa ba kabari. Makauniyar da ta ci guminsa shekara uku tana ciki tana ji, ba ta ce uffan ba.

Ta ce mutanen can suna da wata al'ada. In mutum ya mutu an ajiye shi za a yi masa salla, liman yakan juyo ya tambayi jama'a ko sun halatta masa hakkinsu, su amsa sun halatta. In ɗaya ya ce bai halatta ba, to gawar nan ta tafi da kaya a wuya, kuma ba abin da suke tsoro kamar wannan. Iya ta ƙudurta za ta zauna a garin ta jira jana'izar attajirin ko da shekara nawa ce. Ba a bar ta ba. Ya sa aka kore ta daga ɗakin da take, aka hana ta wanki a duk gidajen da ya sani. Ta bi jirgin mahajjata tana musu wanki har Jidda, can ta auri wani Bakano, suka yi shekaru a hanya kafin su iso Fagge.

"Ban samu gawar attajirin ba," ta ce. "Amma ke ƙafarki mai yawo ce, na gani. Duk ranar da Allah ya haɗa ki da mutumin Azmir, ki dube shi cikin ido ki ce masa, hakkimi halal etmiyorum. Ban halatta hakkina ba. Maimaita."

Na maimaita. Ta ce na karkace shi. Na sake, na sake, har inuwa ta juya, ranar dai sai da aka shanya wanki da la'asar. Daga nan duk safiya in muna matse zane, ita ta kama can ni na kama nan, sai ta ɗaga mini gira, ni kuma in faɗa. Ƙawayena suna haddace waƙoƙin gaɗa, ni ga abin da nake haddacewa. Ban ji nauyinsa a matsayin kaya ba. Daɗi ma nake ji, don duk gidan ni kaɗai ta zaɓa, kuma na tsani mutumin nan da ban taɓa gani ba fiye da yadda na taɓa son wani saurayi.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, mata suka cika ɗaki ana ta neman gafara, tana cewa ta yafe, ita ma a yafe mata. Aka kira malamin unguwa, wani dattijo mai sanyin hali, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce, "Iya, sai ki yafe wa duk wanda ya taɓa zaluntar ki a duniya, na kusa da na nesa, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Iya ta buɗe ido, ta tattaro ɗan numfashin da ya rage mata ta faɗi kalmomin nan. Malam ya ji hakki, ya ji halal, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi, kun ji da Larabci ma ta faɗa. Ta ce hakkinta halal ne, ta yafe." Ɗaki ya ɗauki kabbara, wasu har da hawaye, ana cewa Iya ta yi kyakkyawan ƙarshe. Ni ina wajen ƙafafunta. Ta dube ni, na dube ta, na ga gefen bakinta ya motsa. Ina jin wannan ce dariya mafi girma da na taɓa gani a fuskarta.

Na yi aure, na haifa, na aurar, na binne miji. Na haɗu da Turkawa a Makka, amma duk wanda na tambaya sai ya kira wani gari dabam, ni kuma ba a aike ni wurin kowa da kowa ba. Da tsufa ya zo sai tsoro ya kama ni, ba na mutuwa ba, na in je in tarar da Iya ta tambaye ni in ce ban kai ba. Wa zan bar wa? Waɗannan masu kuka a gaban talabijin?

Rannan, ana tsakiyar zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, likita ya ce in riƙa taka ƙafa, sai na bi 'yata Naif. Akwai wani kanti a lungu inda take sarin tawul da zannuwan gado. Na san na Baturke ne, don haka kullum a waje nake zama. Ranar sai mai tsaron kantin, wani magidanci mutumin Maraɗi da ya daɗe a nan, ya fito ya ce, "Haba Hajiya, wannan rana ai sai ta kashe mutum. Shigo ki sha sanyi, yalla, ba wanda zai ce ki sayi komai." Jiri na ɗibata, na shiga. Na tarar an rataye jajayen tutoci, talabijin na nuna mahaya dawaki suna wucewa a bakin teku, mutane na ta tafi. Mai kantin, wani mai furfura da tumbi, fuskarsa ba ta mugunta ba, ya taso da kansa da farantin alawa yana cewa Mama, Mama.

"Yau fet ce a garinsu, ranar biki," in ji mutumin Maraɗin. "Patiron, maigidana, ya ce ki ɗauka. Irin wannan rana ce sojansu suka ƙwato garin daga hannun abokan gaba."

Na ce, "Wane gari?"

"Izmir."

Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da sai an kama ni nake tashi. Na dubi mutumin nan cikin ido, na faɗa masa yadda aka koya mini, ban karkata ko harafi ɗaya ba. Jinin fuskarsa ya janye, ya ajiye alawar a kan tarin tawul, ya dafa ƙirji ya ce da Larabci, "Lesh ya Mama? Me na yi miki?" Wallahi ba zan ɓoye ba, wani sanyi na ji ya ratsa ni tun daga ka har tafin ƙafa. Ashe kalmomin suna da rai. Shekara hamsin da wani abu suna kwance a bakina, kuma da suka fita sai da suka sami wurin shiga.

'Yata ta kama hannuna. "Umma, me kika ce masa? Mutumin nan bai taɓa yi mana komai ba sai alheri. Don Allah mu tafi, khalas."

Na ce ta sake ni. Na zauna na ba da labarin tun daga rimi har zuwa akwati, mutumin Maraɗin yana juyawa. Da na ga yana tsallake wasu wurare don kunyar maigidansa, na ce, "Malam, ina jin Larabci fa. Faɗa masa yatsa, faɗa masa makauniyar." Ya faɗa. Baturken ya kashe talabijin. Ya ce shi ma kakarsa ta rasa 'yan'uwa biyu a yaƙin nan, sai da aka kori abokan gaba suka san barci. Na ce Allah ya jiƙansu, ita ma Iya ta yi guɗa a ranar, ba wannan ya kawo ni ba. Sai ya sunkuyo ya ce in halatta, don girman Allah in halatta, kada in bar shi da wannan magana a ranar farin ciki. Na ce hakkin ba nawa ba ne, mai shi tana kwance a Kano, ni 'yar aike ce.

Sai ya jawo takarda da biro. Ya ce wata mai zuwa zai je gida. In ba shi sunan kakana, zai sa a yi masa addu'a a babban masallacin garin, a ambace shi a gaban jama'a, ya yi sadaka da sunansa, ya kuma bincika ko akwai tsofaffin baƙaƙen garin da suka taɓa jin labarinsa. Ya ce mutumin da ba a yi wa salla ba, aƙalla a kira sunansa sau ɗaya a garin da ya mutu.

Na buɗe baki in faɗi sunan, sai na tarar ban san shi ba. Na lalubi kaina ciki da bai. Shi, haka Iya take ce masa. Mai ɗakin nan. Uban uwarki. Mijin fari ne, Iya kuwa Bahaushiya ce ta asali duk da hamadar da ta keta, kunya ba za ta bar ta ta kama sunansa ba ko da wuƙa a wuya. Uwata tana goye aka tafi da shi, da sunan Bakanon nan mijin uwarta ta tashi. Ni kuma da aka zaunar a gaban baho, ban tambaya ba, don ba a tambaya. Sunan da ya zo bakina tar, da na ubansa, da unguwarsa, har da launin ƙofar gidansa, na wancan la'anannen ne. Shi na haddace. Sai hawaye suka zubo mini a gaban baƙon mutum, abin da ban yi ba ko ranar da aka fita da mijina. Kuma kukan bai sanyaya mini zuciya ba, ƙara hura ta ya yi.

Na share fuska na ce ya rubuta. Na ba shi sunan attajirin da na ubansa da unguwar. Na ce wannan ba na addu'a ba ne. In ya je ya nemi jikokinsa, ko mutum ɗaya ne ya rage, ya tsaya a ƙofarsu ya faɗa musu abin da na faɗa masa, ya ce daga mai wankinsu ne. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce amana ce, zai kai. Na ce wancan ma haka ya kira abin da ya bar wa Iya, ya dai kula.

Har mun kai bakin ƙofa ya biyo mu da biro a hannu. Ya ce to shi kakan nawa fa, me zai ce wa liman?

Na ce, "Ka ce mijin Iya."

Mutumin Maraɗin ya juya masa, ya juyo mini da amsa murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya, ya ce a can ba wanda zai san ko wane ne."

Na ce, "Gaya masa shi ne abin da ban yafe ba."